Kafin a kwashi iyali zuwa Ingila, a fara daidaita maganar gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a jaridarku domin in yi magana a kan wani al'amari da ya yawaita a Kano cikin 'yan shekarun nan, wato kwasar iyali a koma ƙasar waje da zama, musamman Ingila. Tun daga shekarar 2020 da gwamnatin Birtaniya ta buɗe bizar ma'aikatan lafiya, mun sha raka likitoci da ma'aikatan jinya filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ga kuma malaman jami'a masu tafiya ƙarin karatu. Abin da na lura da shi shi ne yawancin shirin da ake yi a kan biza da tikiti yake ƙarewa, amma gidan da za a sauka da matar da za ta riƙa wuni a cikinsa ba su cika shiga lissafi ba.

A nan Kano, mutum zai nemi dillali, ya ga gida, ya biya hayar shekara a ba shi makulli, idan ma kuɗin bai cika ba wani dattijo ya sa baki a ɗaga masa ƙafa. A Ingila wata-wata ake biyan haya, wannan ne ma yake sa mutanenmu su ɗauka abin da sauƙi, alhali wahalar tana wajen samun wanda zai yarda ya ba ka gidan. Doka ta wajabta wa mai gida ya tabbatar kana da izinin zama a ƙasar, sannan kamfanin dillalai zai nemi takardar albashinka da shaida daga gidan da ka taɓa haya da tarihin yadda kake biyan bashi, sabon zuwa kuwa da ƙyar yake da ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa ake cewa ya kawo wanda zai tsaya masa daga cikin mazauna ƙasar. Akwai kuma kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna, wanda dokar 2019 ta ƙayyade kada ya wuce hayar mako 5 a gidajen haya na yau da kullum, kuma dole mai gida ya sanya shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Duk wanda bai san wannan ba, cutarsa ba ta da wuya. Haka nan wanda ya tura kuɗi daga Kano a kan gidan da a hoton Facebook kawai ya gan shi, shi ya miƙa wuyansa ga 'yan damfara.

Yawan iyali ma matsala ce. Gidajen can ƙanana ne, kuma masu gida da yawa ba sa yarda su ba mai 'ya'ya huɗu ko biyar gida mai ɗaki biyu. Bayan haya akwai harajin gida da ake biyan ƙaramar hukuma, ga kuɗin gas da lantarki da suke tashi sosai lokacin hunturu, sannan bizar aiki ko ta karatu ba ta ba mutum damar karɓar tallafin gwamnati idan ya shiga matsi. Makarantar yara kuma da adireshi take tafiya, domin ta hannun ƙaramar hukumar da kake zaune ake neman gurbi, karatu kuwa wajibi ne daga shekara 5. Saboda haka ni a ganina maigida ya fara tafiya shi kaɗai, ya kama aiki, ya karɓi albashi, ya sa hannu a takardar haya, sannan ya aiko iyali su taho. Rabuwar 'yan watanni ta fi a jibge mata da yara a falon wani abokin karatu, zumunci ya zo ya lalace a kan banɗaki da kuɗin wuta. A kuma bincika tun farko ko bizar ta yarda a tafi da iyali, domin daga Janairun 2024 an hana yawancin ɗalibai zuwa da su in ba masu karatun bincike mai zurfi ba, daga Maris na 2024 kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi su ma zuwa da iyali.

Wadda ta fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan ƙaura ita ce uwargida, ita ce kuma ba a cika tambaya ba. Mace ce da ta tashi a Gwammaja ko Yakasai, inda ba a wuni ba a yi sallama a gida ba, yau biki gobe suna, ga yaran maƙwabta da za ta aika, ga mahaifiyarta da ɗan sahu ɗaya zai kai ta wurinta. Sai ta sami kanta a bene cikin garin da rana take faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, miji ya fita aikin awa 12, maƙwabci iyakarsa murmushi a bakin ƙofa. Idan haihuwa ta zo, ungozoma za ta biyo ta gida ta duba ta, wannan gaskiya ne kuma abin yabo ne, amma babu mai dafa mata ruwan wankan jego, babu mai dama mata kunun kanwa, babu mai karɓar jariri ta runtsa. Damuwar da take kama mata bayan haihuwa ciwo ne da likitoci suka sani kuma suke maganinsa, bai kamata miji ya fassara shi da raki ko rashin godiya ba. Wanda ya san matarsa na da juna biyu ya nema wa surukarsa bizar ziyara da wuri, tunda tana ba da damar zama har wata 6.

Don haka wurin da gida yake ya fi kyansa muhimmanci. Gida mai arha a ƙauyen da babu masallaci, babu mahaucin halal, babu motar haya a kusa, tsadarsa a jikin matar za ta fito. Garuruwa irin su Manchester da Birmingham da Bradford suna da Musulmi masu yawa, kuma idan aiki ya ba da zaɓi, kusantar irin waɗannan wurare ya fi. A yi wa kowa rajista da likitan unguwa da zarar an sauka, kyauta ne. A kuma bar uwargida ta shiga ajin koyon Turanci ko ta nemi aiki idan tana so, domin bizar iyalan ma'aikata ta ba ta wannan dama.

Game da yara, iyaye su sani cewa malaman makaranta suna kai rahoto ga hukuma idan suka ga tabon duka a jikin yaro, Islamiyya kuma sai an nema an biya, Hausa kuwa idan ba a yi ta a gida ba nan da nan take kuɓucewa. Masu haɗa tsaraba su ma su sani ba a yarda a shiga da nama ko kayan madara daga Najeriya ba, don haka kilishi da man shanu su tsaya a Kano.

Ina kira ga 'yan uwanmu da suka riga suka zauna a can su riƙa faɗa wa masu shirin tahowa nawa suke biya haya da nawa yake rage musu a ƙarshen wata, ba hoton dusar ƙanƙara kawai ba, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ma, Malam Edita, ina roƙon ku ware shafi ku tattauna da matan da suka yi wannan ƙaura, su bayyana da bakinsu yadda shekararsu ta farko ta kasance.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Gwammaja, Kano