Abba, ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi

Garwa, daren Lahadi

Assalamu alaikum Abba.

Tun ran Juma'a nake kiranka, wayar tana shiga ba ka ɗagawa, jiya kuma na ga kana kan WhatsApp har wajen ƙarfe ɗaya na dare. Toh shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da yatsa ɗaya ne zan lallaɓa in gama.

Baffanka Sale ya zo bayan an sauko daga masallaci. Ya zauna ya sha shayi kofi biyu yana ta kewaye-kewaye, zafin bana, tsadar masara, kafin dai ya zaro wata takarda daga aljihu ya ajiye min a kan tabarma. Takardar amincewar iyaye ce ta shiga soja. An cike komai da faransanci, sunanka da ranar haihuwarka, wurin sa hannu ne kawai aka bari. Ya ce ka roƙe shi ya tsaya maka a matsayin uba tunda ba ka cika 21 ba, shi kuma ya ce ba zai iya ba ina raye. Allah ya saka masa da alheri. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ka sa Ummi ta ɗauko maka takardar haihuwarka daga akwatin Innarka watan jiya, ka ce wai a fakilte, can jami'arku, ake nema.

Abba ni ka yi wa haka? Na mutu ne da za ka je neman wani uba? Sunan mahaifina gare ka, shekara goma sha tara ban taɓa buɗe baki na kira sunanka na yanka ba saboda girman mai sunan, amma kai ka iya zagaye ni ta bayan gida, ka kuma sa ƙanwarka ta yi wa uwarta ƙarya ba ta sani ba. Wallahi wannan ya fi maganar sojan yi min ciwo.

Kuma kar ka ɗauka ban san son da kake wa jirgi ba. Na riga ka sani. Kana shekara biyar in jiragen yaƙin nan Alfa Jet na sansanin sojan sama suka tashi suka ratsa ta saman Yelwa, sauran yara toshe kunne suke yi su ruga ɗaki, kai kuwa sai ka bar tuwo a kwano ka fita ba takalmi kana ɗaga kai har ka faɗa kwata. Na tuna jirgin karan dawa da ka yi, ka manna masa farfela ta gwangwanin madara, Hajiya ta ajiye shi a saman sif ɗinta har ta koma ga Allah. Na kuma tuna ranar da ka ɗauki keken maƙwabta ka tafi bakin wayar filin jirgi ba ka dawo ba sai bayan magariba, na dake ka. Har yau in Innarka ta so ɓata min rai sai ta tuno min da dukan nan. Toh ku duka kun manta wane lokaci ne, bai fi sati biyu da tashin bam a kasuwar Marwa da Barmare ba, Yulin 2015, lokacin da soja in ya ga yaro yana leƙe a bakin waya ba tambayarsa zai tsaya yi ba. Da na same ka da rai a ranar hannuna ne ya riga bakina. Ana cewa na cika tsauri, a ce ɗin, na dai kawo ku inda kuke ba wanda ya lalace.

Baffanka ya ce wani abokinka ne ya ba ka shawara, wai ka shiga a kurtu tukuna, in ka shiga daga ciki sai a juya ka zuwa tuƙin jirgi. Wannan abokin naka ko dai yaudararka yake yi ko shi ma bai sani ba. Jiya na rufe shago da wuri na je wajen tsohon ajidan ɗin nan (muƙami ne na soja ƙasa da hafsa) mai sayen banda a wurina, wanda ya yi ritaya daga sojan sama, na zaunar da shi na tambaye shi komai. Ya ce tuƙi hanyar hafsoshi ce, konkur ake yi, wato jarrabawar shiga ta gasa, a bi ta EMIA, makarantar hafsoshin soja a Yawunde, ko a tura mutum wata makaranta a waje, sai da bak, shaidar gama sakandare, na lissafi da kimiyya, bayan nan likitoci su juya ka ciki da bai, ido, kunne, zuciya, hawan jini, har wani littafi mai ɗigo-ɗigon launi suke buɗe maka ka faɗi lambar da ke ciki. Ya ce shi ya shekara kusan talatin da kakin sojan sama, sau nawa ya hau jirgi ana iya ƙirgawa da yatsu, don mafi yawansu makanikai ne da masu gadi da masu zuba mai da 'yan ofis. Kurtu kuwa Ngawundal za a kai shi ko Jum a aske masa kai, in ya fito duk inda aka ga dama a jefa shi, Kolofata ko Fotokol ko can wajen Bamenda inda tun 2017 wuta ba ta mutu ba. Kuma kaki ba shagon tela ba ne da za ka ce aikin bai karɓe ka ba ka tattara ka koma gida.

Bak ɗinka mai kyau ne, wannan na sani. Amma gilashin da na sai maka kana ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, fa, da ka ce ba ka ganin allo daga baya? Ka ɓoye shi a ƙasan jaka don kar 'yan mata su ce maka malam, toh likitan soja ba za ka ɓoye masa ba.

Duk wannan magana ce ta hanya, ana iya zama a warware ta. Ba ita ke hana ni barci ba.

Innarka mutuwa take tsoro. Tunda ta ji ba ta ci abin kirki ba, sai ta dinga tuno jirgi mai saukar ungulun da ya faɗi kusa da Bogo ran 22 ga Janairun 2017, wanda Janar Jacob Kodji ya rasu a ciki, tana cewa in janar guda bai tsira ba ina ga ɗanta. Na ce mata ajali ko a kan gado yake sai ya zo, motoci nawa muka gani a ƙasan falez, gangaren dutsen nan da ke tsakanin nan da Ngaundere, kuma ba mu fasa sa ka a mota ba. Ni abin da nake tsoro Abba shi ne ka samu. Idonka ya wuce, konkur ya wuce, a ba ka jirgin.

Akwai abin da ban taɓa ba ku labari ba, Innarka kaɗai ta sani. Shekarar da aka haifi Auta, tafiyata ta ƙarshe cikin Tabkin Chadi. Mun taso daga wajen Darak da kwali goma sha ɗaya na banda za mu fita Bulanguwa, mu tara a cikin jirgin ruwa har da wata mata mai goyo. Hantsi ya ɗaga sai muka ji ƙara daga gabas. Mai injin ya kashe inji nan take ya ce kar wanda ya motsa, kar wanda ya shiga kacala, don in ka ɓuya shi ke nan ka zama su. Muka zauna tsakiyar ruwa a fili. Jirgin yaƙin ya wuce ta samanmu, ya juyo, ya sake wucewa ƙasa-ƙasa har ruwan yana rawa a jikin katako. Wani dattijo ya ɗaga kifi biyu sama da hannu biyu yana nuna masa, bakinsa yana salati, matar nan ta kwance goyon ta ɗaga jaririn sama tsirara don a gani. Ni kuwa hulata na cire, har yau in ka tambaye ni dalili ba ni da amsa. A cikin zuciyata abu ɗaya nake ta maimaitawa, ya Allah ka sa na ciki ɗan mutunci ne, ka sa ya yi barci jiya, ka sa idonsa ya ga kifin nan. Ƙasa huɗu ce ke kewaye da tabkin, ba wanda ya tsaya duba tutar wa ke jikinsa. Ya tafi ya bar mu. Ba a yi rabin awa ba muka ji dum sau biyu daga baya, hayaƙi ya tashi a wani tsibiri da muka baro da asuba. A nan yaron da yake min banda yake, da matarsa, aurensu bai kai wata biyar ba. Kuɗin kwali uku nasa yana hannuna, sai uwarsa na kai wa.

Na dawo gida na ce muku ciwon baya ne ya hana ni komawa.

Kar ka ce ina zagin soja. Ni da na sha tafiya Mora, Waza, Dabanga, Kuseri a cikin ayari 'yan BIR, rundunar ɗaukin gaggawa, suna gaba suna baya, na san abin da suka tare mana, tun zamanin zargina, 'yan fashin hanya, ma kafin a san Boko Haram. Ranar da jiragenmu suka kori mutanen nan daga Ashigashiya ƙarshen Disamban 2014 ina cikin waɗanda suka yi kabbara a kasuwa. Yaran sojan da aka kashe a Darak a Yunin 2019 'ya'yan wasu ne kamarka, kuma a kan tsaron dangin uwarka suka mutu, Allah ya jiƙansu. Na san dole wani ya yi aikin. Amma na kuma san Rann, can tsallaken iyaka a Borno, 17 ga Janairun 2017, jirgin yaƙin Najeriya ya saki bam a kan sansanin 'yan gudun hijira ana shirin raba musu abinci, sama da mutum 100, har da ma'aikatan agaji. Na san Tudun Biri a Kaduna, Disamban 2023, mutane suna Mauludi jirgi marar matuƙi ya sauke musu, aka binne sama da 80. Duka an ce kuskure ne, kuma na yarda kuskure ne, shi ne ma abin tsoron. Wanda ya danna a Rann ba mugu ba ne Abba, ƙila shi ma yaro ne da ya taso yana yin jirgin kara, aka ba shi lamba a taswira aka ce ga abokan gaba. Daga sama rumfar masunci da ta ɗan ta'adda duk ciyawa ce, mai tuƙa kwale-kwale da sanda da mai riƙe da bindiga duk ɗigo ne. Kuma soja ba a ba shi umarni ya ce a dakata zai sauka ya duba.

Na tambayi Malam bayan asuba ban ce masa kai ba ne. Ya karanto min ayar Suratun Nisa'i, ya ce kisan kuskure ma akwai diyya, akwai kaffara, in babu bawan da za a 'yanta azumin wata biyu ne a jere. Na zauna ina lissafin rai ɗari. Kai da layyar bara na miƙa maka wuƙa hannunka ya ɗauki rawa sai da na karɓa, ka koma ɗaki ba ka ci ko hanta ba. Wannan zuciyar za ka ɗora wa irin wannan kaya? Goggonka tana Darak da 'ya'yanta bakwai, ka sani. Ina kwance sai in ga wata rana wani dattijo yana ɗaga kifi sama, kuma ɗana ne a ciki. Wallahi na fi son in wanke ka da hannuna in kai ka makwanci da a ce ka dawo min da rai da galan a kafaɗa da alhakin mai goyo a wuyanka. Allah ya yafe min in na yi saɓo, amma gaskiyar cikina kenan.

Na san za ka ce ba kowane matuƙin soja ne ke jefa bam ba, akwai masu ɗaukar kaya da masu kwaso waɗanda suka ji rauni. Ajidan ma ya faɗa min haka. Na ce masa wa ke zaɓa, yaron ko manyansa? Ya yi shiru ya ci gaba da shan shayinsa.

Da ina da hali da tuni na kai ka makarantar tuƙin jirgin fasinja, ka zo ka ɗauki alhazai daga filin Garwa zuwa Jidda ni da Innarka muna zaune a baya. Na tambaya, kuɗin miliyoyi ne gommai, ko an haɗa shagon da filin Lainde da har yanzu ake rigima a kai ba za su kai ba. Dubu 50 na fakilte da kuɗin ɗakinka a Dang, wajen jami'ar Ngaundere, ma ka san yadda nake haɗa su. Wannan gazawata ce, ban ɓoye ba, kuma na san ita ta tura ka ƙofar soja tunda can kyauta ne. Ajidan ya ce akwai makarantar ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, a Yamai, EAMAC, ana shiga da konkur, suna koyar da masu ba jirgi hanya daga hasumiya da masu duba yanayi da masu gyaran na'ura. Na san ba tuƙi ba ne, kar ka ce min na raina maka hankali, na dai faɗa ne ka san ban kwanta ba.

Ga abin da nake so. Kar ka ajiye karatun bana, saura wata uku a yi jarrabawa. Ran Alhamis ka shigo mota ka zo, na aika maka kuɗin ta Orange Money ɗazu, ka duba. Mu je wurin likitan ido tare, da gilashin, a faɗa mana gaskiya. Bayan nan mu zauna ni da kai da Baffanka, ka kalle ni ka ba ni amsar abin da na ba ka labari, ina so in ji ta daga bakinka ko da ba za ta yi min daɗi ba. Ba zan ɗaga murya ba, na yi wa Innarka alkawari.

Ta ba direban ajans, kamfanin motar haya, yaji da dakakken kifi da safe, ka je ka karɓa kafin ɓera ya riga ka. Ta ce ka daina wanka da ruwan sanyi da asuba a Ngaundere, tarinka ne take ji tun daga nan. Ka kira Ummi ka ba ta haƙuri, tun Juma'a take kuka tana cewa ita ta jawo.

Takardar tana aljihun farar rigata. Ban sa hannu ba, ban kuma yaga ta ba.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka