Baƙonku na ranar Talata bai taɓa aika kaya a mota ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Baƙon nan da kuka kawo a shirinku na ranar Talata ya ɓata mini rai. Wai duk wanda aka sace wa kwamfuta a hanya ya buɗe Find my device kawai, wato tsarin Windows mai nuna inda kwamfuta take, taswira za ta kai shi har ƙofar gidan ɓarawo. Haba Malam! Mai gabatarwa kuma sai "haka ne, haka ne" yake ta cewa.

Ni abin ya faru a kaina. Ƙanena ya saya mini kwamfutar tafi-da-gidanka a Yawunde, jaka ɗari da tamanin, ya ba wata ajans, wato kamfanin motocin sufuri, ta kawo mini Garwa. Da na je karɓa, kwali yana nan a naɗe da salatif kamar ba a taɓa shi ba. A gaban mai ba da kaya na yanka. Fale-falen tayil guda biyu na tarar a ciki, an naɗe su da tsohon zane don nauyi ya yi daidai. Gwiwata ta yi sanyi, sai da na nemi benci na zauna. Shi kuwa ya ce ai ba a rubuta kwamfuta a jikin rasit ba, "kaya" aka rubuta.

Na yi abin da baƙonku ya ce tun kafin ya faɗa, don ƙanena ya riga ya shiga da asusuna na Microsoft ya kunna abin. Taswira ta nuna Yawunde, ranar da ya gwada ta, daga nan shiru. Kwamfuta ba waya ba ce, galibinsu ba su da sim, sai ta hau intanet take faɗin inda take. Idan ɓarawo ya goge ta ya zuba sabon Windows, zance ya ƙare. Wadda ke sabuwa dal a kwali kuwa, wa ya kunna mata wani abu? Ko ɗaya baƙonku bai faɗa ba.

Lambar da ke buge a ƙarƙashinta ce ta dawo mini da ita. Allah ya sa ƙanena ya ɗauki hoton wurin kafin ya rufe kwali. Na tura hoton ta WhatsApp ga duk mai gyaran kwamfuta da na sani a Garwa da Ngaundere, na kai ƙara komisariya, wato ofishin 'yan sanda, da rasit ɗin saye. Sati biyar babu labari. Rannan bayan La'asar wani mai gyara a Ngaundere ya kira ni, wai wani yaro ya kawo masa irinta, ya juya ta ya ga lamba ta yi daidai. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri. Na samo ta babu caja, kusurwa ɗaya a fashe, ga kuɗin mota zuwa da dawowa daga aljihuna.

Minti talatin na shiri, ba a ambaci lambar nan ko sau ɗaya ba. Ku sake shirin, ku kawo mai gyara daga kasuwa ya yi wa mutane bayani.

Sannan layin wayarku. Sau shida na kira a daren, kuɗina ya tafi, ba a ɗauka ba. Mu na Kamaru ba masu sauraro ba ne?

Mai sauraronku,
daga unguwar Yelwa, Garwa