Yarda da kai kaɗai ba ta riƙe kuɗi a kasuwar forex

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana matasan Kebbi da suka tsunduma harkar forex, wato cinikin canjin kuɗaɗen ƙasashe ta intanet, da kirifto, wato kuɗin intanet, abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ni ma ɗan ciki ne ba labari aka ba ni ba.

Tun da Notcoin, wasan danna waya da ake tara kirifto da shi, ta fashe mutane suka samu kuɗi a 2024 kowa ya ɗauki waya, da takwararta Hamster Kombat ta zo ta ba mutane kunya a watan Satumba sai da yawa suka ce to mainin, wato tara kirifto ta danna waya, ba ya yi, bari mu koma tiredin, wato saye da sayarwa a kasuwar. Yanzu ka je teburin mai shayi ko shagon cajin waya a Birnin Kebbi ko Jega za ka tarar da yara sun zuba wa koren kyandir da jan kyandir, alamomin hawa da saukar farashi, ido ko ƙiftawa ba sa yi. Masu koyarwa kuma karatunsu ɗaya ne kullum, ka yarda da kanka, mai tsoro ba ya arziki, wai tunaninka ne ya talauta ka.

Ni na hau wannan magana na zauna. Kuɗin shinkafar rani da na sayar na canza dala 200 na zuba, sati biyu suka haura 300, wallahi har tafiyata ta canza. Ranar wata Juma'a ta farkon wata, ranar da Amurka ke fitar da alƙaluman samar da aikin yi kasuwa ta haukace, na shiga cinikin zinare na ce farashinsa sama zai yi, na sa sitof-los ɗina wato iyakar asarar da zan iya ɗauka. Da na ga farashi ya nufo wurin sai zuciya ta ce kai fa ka yarda da kanka, zai dawo, na ja shi ƙasa, ya sake biyo ni na sake ja, karo na uku na cire shi gaba ɗaya har na ƙara wata shigar a kai don in rama. Kafin a kira la'asar akawun ya ƙone ƙurmus. Ina zaune bakin zaure hannuna na rawa, mai ɗakina tana tambaya ko lafiya na kasa ce mata komai.

Abin da ba a faɗa mana a aji shi ne lissafi bai san ƙarfin zuciya ba. In ka cika lebarej na 1 bisa 100, wato ka yi ciniki da ninki ɗari na kuɗin da ka zuba, kasuwa ta juya maka baya da kashi 1 kacal cikin ɗari, abin da ka zuba ya tafi. In ka rasa rabin jarinka sai ka ninka abin da ya rage kafin ka dawo inda ka taso. Hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Turai ma a 2018 ta ce kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, kuma na tabbata kusan dukkansu da yarda da kai suka shiga.

Wurin kawuna mai ajiyar albasa a Aliero na gane inda na kuskure. Shi ma jiran farashi yake yi, amma duk 'yan kwanaki sai ya shiga ya juya ta, ya shinshina, ya tsince ruɓaɓɓu, kuma ranar da ya ga ruɓa ta fara yawa a satin zai kai ta kasuwa ko da faɗuwa ne, ba ya tsayawa yana cewa ai ni na san albasa. Kuma bai taɓa zuba dukan jarinsa a ajiya ɗaya ba. Amma fa in albasarsa lafiya lau take, ko duk maƙwabta sun firgita sun sayar shi ko gezau. Tasa yarda da kan kenan, ya tsaya kan tsarinsa kuma ya iya cewa na yi kuskure tun da sauran abin ceto.

Irin waccan huɗubar ta mai tsoro ba ya arziki ita aka yi wa mutane a MMM, tsarin zuba kuɗi na damfara, kafin ta hana mutane cire kuɗinsu a Disambar 2016, ita aka maimaita a takwararta CBEX har ta rushe da kuɗin bayin Allah a Afrilun 2025. Batun halacci da haramcin wasu nau'o'in cinikin kuma na malamai ne, a je a tambaye su kafin a zuba ko sisi.

Ni dai yanzu littafi gare ni, duk shiga sai na rubuta dalili, ba na saka sama da kashi 2 na jari a kasada, in na faɗi sau biyu a rana na kife wayar na tafi gona. Roƙona ga masu buɗe aji suna karɓar kuɗin yaran mutane, ku daina nuna mana hoton ribar kwana ɗaya da makullin mota, ku buɗe tarihin akawun ɗinku na wata shida mu gani har da ranakun da kuka faɗi.

Naku mai karatu a kullum,
daga Birnin Kebbi