Gonata ba daji ba ce, a sake gayyato shugaban mafarautan nan

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, shirinku na rediyo na daren Laraba kan farauta ne ya sa na rubuto, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Shugaban mafarautan da kuka gayyata ya ce daji na Allah ne, babu mai hana maharbi shiga. Mai gabatarwa ya amsa masa da "haka ne, haka ne", ya wuce tambaya ta gaba. Har aka rufe shirin ba wanda ya ce masa: to gonar mutum fa? Wa ya ba ku izinin shigarta?

Wane daji ya rage a yankinmu? Daga bakin gari har inda ido ya tsaya gonaki ne, kowace da mai ita, kowace da iyakarta. Abin da suke kira daji gonar wani ce da aka girbe, kuma girbi ba ya nufin mai ita ya gama da ita. Akwai rogo a ƙasa, akwai kara a jingine, akwai harawa a kan rumfa, akwai dashe da ake lallaɓawa.

Ni abin ya faru a kaina bana. Bayan kaka na tara harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa a cikin gona, ita ce abincin tumakina har faɗuwar damina. Da hantsi sai ga mafarauta a kan babura da a-kori-kura, da kiɗan gangi, da karnuka kamar ba za su ƙare ba. Suka koro gafiya ta faɗa rami a gindin shingena. Sai suka cusa busasshiyar ciyawa a bakin ramin suka ƙyasta ashana don hayaƙi ya fito da ita, alhali iskar hunturu tana kaɗawa. Wuta ta kama shinge, ta bi kara, ta hau rumfar. Kafin yaro ya rugo gida ya faɗa mini, na iso, toka kawai na tarar tana tashi. Dashen mangwaron da nake ɗebo wa ruwa a jarka tun yana ɗan tsiro, ganyensa ya nannaɗe ya yi baƙi ƙirin, ka taɓa shi ya ruguje a hannunka. A tsakiyar rogo kuma sun haƙa rami ya kai gwiwa, sun tumɓuke saiwa sun watsar. Duk wannan saboda gafiya ɗaya.

Da na yi magana, wani saurayi da barandami a kafaɗa ya dube ni ya ce, "Baba, gado muka yi." Ya juya ya bi 'yan uwansa. Babu ban haƙuri, balle maganar biya.

Wane gado? Ni ma na taso na ga maharba a garinmu, kuma ba haka suke ba. Sarkin Baka ba ya fitar da mutanensa sai ya sanar da dagaci, a yi shela ranar da za a fita da wajen da za a nufa, don mata masu itace da yara masu kiwo su kauce. In dabba ta shiga gonar da ke da amfani a ciki, a kira karnuka baya. In an yi ɓarna, a zauna a ƙofar dagaci a biya. Wannan shi ne gadon da na sani. Wanda baƙonku yake kārewa, na shiga ba sallama da barin wuta a baya, ba daga iyayenmu ya fito ba. Da ni ne na shiga gidansa ba izini na kunna wuta a gindin rumbunsa don ina neman ɓera, ai da ba zai ce mini gida na Allah ne ba.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne yadda kuka bar shi ya nuna kamar babu doka a kan farauta. Akwai. Tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar namun daji, wadda jihohinmu suka gada, kuma ita ce ta kawo batun lasisin farauta da dabbobin da ba a taɓawa. A 1985 gwamnatin tarayya ta yi dokar kare namun dajin da ke neman ƙarewa, ta lissafo hanyoyin da aka hana, ciki har da guba, da wuta, da farautar dare, da kora da mota. A 2011 an fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA. Bindigar toka ma tana cikin dokar makamai ta 1959. Shiga gonar mutum a yi masa ɓarna kuwa laifi ne a kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, kowane alƙali ya san wannan. Ko a addini, farauta halal ce, ba mai musu, amma dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, kuma ba cuta ba cutarwa. Me ya hana mai gabatarwarku ya karanto masa ko ɗaya daga cikin waɗannan?

Ga maganar rai kuma, wadda ta fi harawa. Masu fita da dare da cocila ɗaure a goshi, duk idon da ya ƙyalla a duhu harbi suke yi. Mu masu noman rani da dare muke ban ruwa, mutum yana durƙushe a bakin kwami yana buɗe wa ruwa hanya. Wa zai bambance shi da gada a wannan duhun? Maƙwabcina ya tarar da akuyarsa a tarkon ƙarfe da aka binne a kan turbar da ke zuwa rijiya, ƙafar ta karye tana reto, dole aka yanka ta. Turbar nan ita jikokina suke bi ba takalmi. Tun ranar ba na barin su su tafi su kaɗai.

Kada wani ya ce ina ƙin mafarauta. Lokacin da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar dawowa Kano daga Fatakwal don yin Sallah, mun yi baƙin ciki kamar kowa, kuma zalunci ne da ba shi da hujja. Ban manta da mafarautan da suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014 ba, Allah ya saka musu. Amma baƙonku ya riƙa ɗaga waɗannan yana fakewa da su duk lokacin da aka doso maganar ɓarna. Jinin waɗancan bayin Allah ba lasisi ba ne na taka gonar talaka. Mai son farauta ta gaskiya ya je ma'aikatar da ke kula da gandun daji ta jiharsa ya nemi takarda, a gaya masa inda aka yarda da inda aka hana, tunda ko gandun dajin Yankari da na Falgore ba a shiga a yi harbi haka kawai. In kuma gonata yake so ya bi, ya zo ya same ni. Wallahi da sun tambaye ni, ni da kaina zan nuna musu ramin gafiyar, don ni ma tana cinye mini gyaɗa. Sai dai ba da wuta ba.

Don haka ina roƙonka, Malam Edita, ku sake gayyato mutumin nan, amma wannan karon ku zaunar da manomi kusa da shi, da jami'in gandun daji, da wani dagaci. A tambaye shi a gaban jama'a wa zai biya idan yaransa suka ƙona abincin dabbobin mutum, kuma wa za a kama idan tarko ya kama ƙafar yaro.

Sannan tunda na riga na rubuto, shirin farashin hatsi da kuka mayar ƙarfe goma na safe bai yi mana ba ko kaɗan. Lokacin muna gona, wa ke riƙe da rediyo? Da can bayan Isha'i muke jin yadda gero da wake suka kwana a Dawanau da Maigatari kafin mu yanke shawarar kai kaya kasuwa. Yanzu sai dillali ya faɗa maka abin da ya ga dama. Don Allah a mayar mana da shi lokacinsa na da.

Wassalam.

Mai sauraronku a kullum,
wani manomi daga Jihar Jigawa