Makin Jirgi Ya Taru, Kujera Ta Gagara

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ke ci wa matafiyanmu tuwo a ƙwarya, musamman 'yan kasuwar Kantin Kwari da na kasuwar waya masu zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou da Dubai da Alƙahira, da masu zuwa Umara duk shekara, da iyayen ɗaliban da ke karatu a Ingila. Maganar makin da kamfanonin jiragen sama ke ba fasinja ce, wanda wasu ke kira mil. Mutum ya shekara uku yana tarawa, ya kai dubu saba'in ko tamanin, ranar da ya tashi karɓar tikiti da shi sai manhaja ta ce babu kujera. Ya sauya rana, babu. Ya sauya wata, babu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Da yawa sukan ɗauka layin intanet ne ya samu matsala, ko ejan ne ya yi musu wayo, alhali haka aka gina tsarin tun daga tushe.

Kujerun jirgi ba farashi ɗaya ake sayar da su ba. Ko a sashen gama-gari kaɗai akwai azuzuwa fiye da goma, kowanne da harafinsa da kuɗinsa, kuma kujerar maki ajinta daban. A ƙawancen Star Alliance, wato ƙungiyar haɗin gwiwar kamfanonin jirage, inda Ethiopian da Turkish da EgyptAir da Lufthansa suke, harafin X ne na tikitin maki a gama-gari, I na sashen bizines, O na ajin farko. Kwamfutar kamfani ce ke yanke yawan kujerun da za a zuba a waɗannan haruffa, kuma lissafinta guda ne: kujerar da take hasashen za a saya da kuɗi ba za ta sake ta ga mai maki ba. Shi ya sa za ka buɗe taswirar jirgi a waya ka ga layi-layi na kujeru babu kowa, sittin ko fiye, amma ajin X yana kan sifili. Jirgin bai cika ba, ƙofar da aka ware maka ce a rufe. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta faɗa da yarinyar da ke kan kantar kamfani, ita kuwa ba ta da mabuɗin.

Kada kuma a ɗauka kyauta ce kamfanonin ke yi. Tun da American Airlines ya ƙaddamar da shirin makinsa mai suna AAdvantage a 1981, shirin maki ya rikiɗe ya zama kasuwa mai zaman kanta, ana sayar wa bankuna da otal-otal makin da tsabar kuɗi. A 2020, lokacin da korona ta tsayar da jirage, kamfanin United na Amurka ya jinginar da shirinsa ya ciyo bashin dala biliyan 6.8, Delta kuma, shi ma na Amurka, biliyan 9. Abin da banki ya karɓa a matsayin jingina ba ƙaramar kadara ba ce. Kamfani na buga maki iya son ransa, kujerun jirgi kuwa ba sa ƙaruwa. A nan ne nake ganin rashin adalcin yake.

To, yaya mutum zai yi? Abu na farko shi ne lokaci, kuma a nan aka fi yin asara. Kamfanoni kan buɗe jadawalinsu tsakanin kwana 330 zuwa 360 kafin ranar tashi. American yana buɗewa saura kwana 331, British Airways kuma saura 355, da ƙarfe goma sha biyun dare agogon GMT, wato ƙarfe ɗaya na dare a Najeriya da Nijar. Shi British Airways ya yi alƙawarin sakin aƙalla kujeru 14 a kowane dogon zango: takwas a gama-gari, biyu a na tsakiya, huɗu a bizines. Kujera huɗu kacal a jirgin da zai tashi daga Landan zuwa Abuja ko Legas ana saura kwana biyar Kirsimeti, ka san kafin a kira assalatu an wawashe su. Mai son tafiya ranar 20 ga Disamba, ranar 30 ga Disambar shekarar da ta gabace ta ya kamata ya zauna da wayarsa a hannu, asusunsa a buɗe, lambar fasfo da katin biya a gefe.

Ga wata hanyar tunawa mai sauƙi ga masu Umara. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, kusan daidai da tsawon wannan jadawali. Saboda haka kujerar goman ƙarshe ta azumin baɗi, a cikin azumin bana ake nemanta ko jim kaɗan bayan Sallah, gwargwadon ranar da kamfanin ke buɗewa. Wanda ya bari sai Sha'aban ya kama, sai dai ya biya da kuɗi. Haka 'yan kasuwa masu zuwa baje kolin Canton a Guangzhou, wanda ake yi daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba: a waɗannan makonni kamfani ya san zai sayar da kowace kujera, don haka da wuya ya saki ta maki.

Akwai tarko a cikin wannan lissafi. Ranar da kujerar tafiya ta buɗe, ta dawowa ba ta buɗe ba tukuna, sai bayan kwanakin da za ka yi a can. In ka tsaya jiran su haɗu, ta tafiyar ta tafi. Mafita ita ce a yanki tikitin zuwa shi kaɗai, in ranar dawowa ta buɗe a yanki nata daban, tunda shirye-shirye da dama na ba da hanya ɗaya a kan rabin maki. Taga ta biyu kuma tana buɗewa ne a makonni biyun ƙarshe, lokacin da kwamfuta ta haƙura cewa wasu kujerun ba za su sayu ba. Wannan ta mai biza a hannu ce, wanda ba ya da ɗaurin aure ko ranar jarrabawa a gabansa. Mai iyali biyar kada ya dogara da ita. Shi ma ya riƙa neman kujera ɗaya ko biyu a binciken farko, domin in ya rubuta mutum biyar alhali uku suka rage, manhaja za ta ce masa babu ne kawai, ba za ta ce saura uku ba.

Abu na biyu, makin kamfani ɗaya yana aiki a jiragen abokan ƙawancensa, kuma mutanenmu da yawa ba su san haka ba. Makin Miles&Smiles na Turkish zai iya yankar kujera a Ethiopian daga Kano zuwa Addis Ababa in ajin X a buɗe yake. Makin Flying Blue na Air France da KLM yana aiki a Saudia da Kenya Airways, duk 'yan ƙawancen SkyTeam ne. Qatar Airways ya koma amfani da Avios, makin British Airways, a 2022, don haka ana iya juya maki tsakaninsa da British Airways ɗaya bisa ɗaya, muddin suna da bayanan asusun biyu sun dace. Emirates ba ya cikin ko ɗaya daga cikin manyan ƙawance uku na duniya, sai yarjejeniyoyinsa na kansa. Sai dai kamfani yakan fifita mambobinsa, ya nuna musu kujerun da ya ɓoye wa abokan ƙawance.

A nan wasu matsaloli biyu ke fitowa. Ta farko, zango biyu da aka ɗaure su tare. Ka ga kujera daga Kano zuwa Addis Ababa, ka ga wata daga Addis Ababa zuwa Guangzhou, ka haɗa su a bincike ɗaya sai su ɓace, domin kamfani na lissafin tafiyar ne daga farkonta zuwa ƙarshenta, ba zango-zango ba. Wani lokaci sauya garin tashi zuwa Abuja ko Legas na warware ta. In ka yi haka, ka kwana a garin tun daren jajibere: tikitin cikin gida daban yake, in ya yi jinkiri ka rasa babban jirgi babu wanda zai ɗauki alhakinka, kuma rashin bayyana a zangon farko yakan soke sauran tafiyar gaba ɗaya. Ta biyu ita ce kujerar fatalwa, wadda shafin abokin ƙawance ke nunawa bayan an riga an ɗauke ta. Kana kai wa wurin biya sai shafin ya tsaya. Kafin ka juya maki daga wani asusu, ko ka sayi cikon da ya rage, ka tabbatar da kujerar a shafi biyu daban ko ka buga waya ofishin kamfani, domin makin da aka saya ba a mayar da kuɗinsa.

Sai maganar kuɗi, don tikitin maki ba kyauta ba ne. Duk mai tsohon rasidin tikiti ya ɗauko ya duba ƙasa, wurin da aka jera haraji da ƙananan haruffa. Zai ga YQ ko YR da adadi a gabansa. Wannan ba harajin gwamnati ba ne, ƙarin kuɗi ne da kamfani ke ɗorawa da sunan mai, kuma da yawa suna karɓarsa ko a tikitin maki. Ga harajin filin jirgi, ga na Birtaniya mai nauyi a kan masu tashi daga can. A yi lissafi kafin a danna. A ce tikiti dala 900 ne da kuɗi, da maki kuma dubu 60 da dala 450. Abin da makin ya rage maka dala 450 ne, wato kowane dubu ɗaya ya tashi a dala bakwai da rabi. In lissafi ya faɗo ƙasa haka, gara a biya kuɗi a ajiye makin don bizines ko doguwar tafiya, inda tazarar ta fi yawa. Kuma a tanadi katin dala, domin katin naira yana da iyakar abin da banki ya yarda a kashe a ƙetare, kujerar kuma ba za ta jira ka je banki ka dawo ba.

Ajiyar ma kada ta yi tsawo. Delta ya cire jadawalin farashin makinsa a 2015, United ya bi sahu a 2019, yanzu farashi na hawa da sauka kamar na kuɗi, kujerar da ke dubu 40 yau ta zama dubu 90 gobe. Makin kuma yana mutuwa. Na British Airways yana ƙonewa in asusu ya yi wata 36 ba motsi, na Emirates da Turkish kuwa yana da wa'adin kimanin shekara uku ko kana tafiya ko ba ka yi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Wani ɓangaren laifin namu ne. Mutum ɗaya da kati huɗu, dubu goma sha biyar nan, dubu ashirin can, babu wanda ya isa tikiti, alhali zai iya zuba duk tafiyoyin ƙawance ɗaya a asusu ɗaya. Ejan ya manta bai saka lambar mamba ba, fasinja kuma ya yar da katin shiga jirgi, wanda shi ne hujjar neman makin daga baya, galibi cikin wata shida. Sunan fasfo Muhammad, na asusu Mohammed, kwamfuta ta ƙi haɗa su. Tikiti mafi araha kan ba da kashi ɗaya bisa huɗu na makin ko ma babu, jiragen shata na aikin Hajji kuma yawanci ba sa bayarwa. Masu tallar tikiti mai rahusa da makin wani su ma a yi hattara da su. Dokokin shirye-shiryen sun haramta sayar da maki, in aka gano sai a soke tikitin ko kana filin jirgi, a rufe asusun, wani makin ma na sata ne daga asusun da aka yi wa kutse.

Duk da haka nauyin ya fi karkata ga kamfanoni da hukuma. A Satumban 2024 ma'aikatar sufurin Amurka ta buɗe bincike a kan shirye-shiryen manyan kamfanoninta huɗu, American da Delta da Southwest da United, saboda rage darajar maki da ɓoye farashi. Ina kira ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, su wajabta wa duk kamfanin da ke tallar maki a ƙasar nan ya bayyana mafi ƙarancin kujerun da yake saki a kowane jirgi mai tashi daga Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, ya nuna jimillar kuɗin da za a biya tun a shafin farko, ya kuma ba da sanarwar aƙalla wata uku kafin ya ƙara farashin maki. Kai kuma ranka ya daɗe, ina roƙon ka tura wakilinka filin jirgin Malam Aminu Kano ya tambayi ofisoshin kamfanonin nan adadin kujerun makin da suka saki a azumin da ya wuce, a buga amsar da Hausa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano