Amsa ga Mma Hajiya: wai waya ce za ta riƙa duba mu nan gaba?

Assalamu alaikum Mma Hajiya, ina gaisuwa, ya jiki ya kasuwa. Ranar taron mata a Aboabo nan Kumasi kin tashi gaban jama'a kin ce, ke nas, wannan zance da ake yi wai nan gaba mutum zai zauna gida inji ya auna shi ya tura ma likita ta waya, gaskiya ne ko dabara ce ta korar talaka daga asibiti? An kira la'asar ban samu na amsa ba, shi ya sa na ce bari in rubuta, yara su karanta ma iyayenmu da ba su yi boko ba.

Mma gaskiya ne, an ma riga an fara. Tun 2011 aka gwada a Amansie West nan Ashanti, ma'aikacin lafiya na ƙauye in abu ya fi ƙarfinsa sai ya kira wata cibiya ko da tsakar dare ne, nas ko ungozoma ko likita ya gaya masa abin yi. A 2019 jiragen kamfanin Zipline marasa matuƙi suka fara kai jini da allurar rigakafi asibitocin ƙauye. Mu kanmu ai *929# muke dannawa mu sabunta katin NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnati, mu biya da momo, kuɗin da ke cikin waya.

Ni dai inda abin ya fi taɓa min zuciya shi ne hawan jini. Ciwon nan ba ya sallama, mace tana tuƙa koko tana raha da jama'a alhali bipi ɗinta, wato awon hawan jininta, ya wuce 140 bisa 90 tun tuni, ranar da za mu gan ta sai an ɗauko ta a pragya, keke mai ƙafa uku, baki ya karkace hannu ya mutu. Wadda ta san tana da shi kuma, kafin ta je a duba ta sai ta rufe shago a Kejetia, ta shiga trotro da asuba, ta bi layi a Gee, wato asibitin Komfo Anokye, har azahar, duk don awon da bai kai minti biyar ba, ga shi wasu da ganin farar riga jininsu ke hawa, awon ma bai faɗi gaskiya ba. To in tana da inji a gida ta ɗaura a dantse safe da yamma, lambar ta shiga waya ta tafi asibiti, mu ga yadda jinin ke tafiya sati guda cur, wallahi ya fi mana amfani nesa ba kusa ba, mun san ko maganin na aiki ko a canza. Masu ciki ma sun fi kowa buƙata, domin hawan jini na cikin manyan abubuwan da ke kashe mana mata wajen haihuwa, in ciki ya wuce sati 20 aka ga 160 bisa 110 ba a jira gari ya waye.

Amma tsoronki yana kan hanya Mma, ba zan ce miki a'a ba. Inji ba ya jinya. In lambar ta tafi babu wanda aka ɗora ma nauyin ya duba ya kira ki, to kamar ki buga ƙofar gidan da ba kowa ne, har gara ba a ba ki ba, don za ki saki jiki ki ce ai suna gani. Ga nas-nas ɗinmu suna ta tafiya Ingila, waɗanda suka rage aiki ya musu yawa, in ba a ware mutum an biya shi don wannan aikin kaɗai ba, abin da kika faɗa ne zai faru, a ce ki zauna gida kuma a manta da ke.

Sai dumso, wato ɗauke wuta, sai kuɗin data, sai iyayenmu masu wayar yam, ƙaramar waya mai dannawa. Dole a yi shi yadda zai tafi ta saƙo ko a kira mutum a yi masa magana da Hausa. Sirri kuma, akwai dokar kare bayanan mutane tun 2012, amma a gidajenmu waya ɗaya miji ya riƙe yara su riƙe, mace na da haƙƙin a tambaye ta wace lamba za a tura sakamakonta.

Don haka duk wanda ya zo zongo da irin wannan shiri ku karɓe shi hannu biyu, amma ku tambaye shi gaban kowa: wa ke duba lambar, in ta yi sama cikin dare wa zai kira ni, kuma inshora ce za ta biya ko aljihuna? Kafin nan ina roƙonki ki sa baki ƙungiya ta cire kuɗi daga adashi a sayi injin awo guda, irin na dantse, a ajiye a gidanki da littafin rubuta lamba. Ranar Asabar da nake hutu zan zo in koya ma 'yan mata biyu yadda ake ɗaurawa, duk lambar da ta yi sama su kira ni.

'Yarki, nas daga Asawase, Kumasi.