Shawara Ga Matasan Zariya Kafin Su Sayi Jirgin Balsa Na Alkafura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da wasu ke ɗauka wasan yara ne, alhali kuwa ya fara cin kuɗin matasa da ƙwazonsu a nan Zariya, wato ƙananan jiragen sama da ake sarrafawa da rimot daga ƙasa, musamman waɗanda ake ƙerawa da katakon balsa domin wasan alkafura a sararin sama. Ba abin mamaki ba ne wannan sha'awa ta yi ƙarfi a garinmu, tunda yaron da ya tashi a Palladan ko Samaru ko Kwangila ya girma ne yana ɗaga kai yana kallon jiragen koyon tuƙi na Kwalejin Fasahar Jiragen Sama, wadda aka kafa tun 1964. A 'yan watannin nan samari uku sun same ni a shagona na kafinta, kowa yana nuna mini a waya hoton jirgin da yake shirin yin odarsa, kuma dukansu irin jirgi ɗaya suka zaɓa, wanda ba shi ya dace su fara da shi ba.

Balsa itace ne da yawancinsa ke fitowa daga ƙasar Ekwado da ke Kudancin Amurka, kuma masana tsirrai sun sa shi dangi ɗaya da riminmu da kukarmu. Rashin nauyinsa ya kai a ce mutum ya ɗaga falanki guda da yatsu biyu, amma idan aka yanka shi daidai da jijiyarsa aka haɗa shi da gam yana ɗaukar nauyin da ya ninka nasa sau da yawa, har ma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun sa shi a jikin jirgin yaƙinsu mai suna Mosquito. Abin da ya sa na fifita shi a kan jiragen kumfa, irin kumfar da ake kunshe talabijin da ita, shi ne fiffiken balsa ba ya lanƙwasa idan jirgi ya yi juyi mai tsanani, kuma idan ya karye ana iya yanke wurin da reza, a sassaƙa sabon guntu, a liƙa, a goge da samfefa, ya koma kamar bai taɓa faɗuwa ba.

Jirgin da samarin nan suka nuna mini kwaikwayon Extra 300 ne, jirgin alkafura na ƙasar Jamus, kuma da shi da Edge 540 na Amurka da Yak 54 na Rasha su ne ke cika bidiyoyin YouTube, inda ake ganin jirgi ya tsaya cak a kan wutsiyarsa kamar an rataye shi da zare. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne irin waɗannan jirage an ƙera su ne da gangan don kada su gyara kansu. Saman fiffikensu da ƙasansa siffa ɗaya ce, domin su tashi a rigingine kamar yadda suke tashi a daidai, marafan da ke bayan fiffike da na wutsiya manya ne ƙwarai, kuma injinsu yana ja da ƙarfin da ya fi nauyin jirgin gaba ɗaya. Duk inda aka karkata irin wannan jirgi nan zai tsaya har sai an dawo da shi, kuma ɗan motsin babban yatsa ya isa ya mirgina shi sau biyu kafin mai riƙe da rimot ya gane inda hancinsa ya fuskanta. Ni kaina da irinsa na fara, kuma bai cika minti ɗaya a sama ba ya soki ƙasa a wata gona da ke bayan gari. Na kwashe tarkacensa a buhu, kuma sai da na shekara ban sake taɓa rimot ba saboda ɓacin rai.

Wanda bai taɓa tuƙi ba, jirgin koyo ya kamace shi, wato mai fiffike a saman jiki, wanda ƙasan fiffikensa shimfiɗaɗɗe ne kuma bakunansa biyu sun ɗan ɗaga sama, domin shi idan aka saki sandar rimot yakan nemi daidaita kansa. Amma maganata ta fi karkata ga wanda ya wuce wannan mataki, ya iya tashi da sauka ba tare da gabansa ya faɗi ba, yana neman jirginsa na biyu. A ganina abin da ya fi dacewa da shi shi ne jirgi matsakaici mai fiffike a ƙasa ko a tsakiyar jiki, mai faɗin kimanin mita 1.2 zuwa 1.4 daga baki zuwa baki, mai kauri a gaban fiffike, mai doguwar wutsiya, wanda ake sarrafa abubuwa huɗu a jikinsa: ƙarfin inji, mirginawa, ɗaga hanci, da karkata wutsiya. Kaurin fiffike yana hana jirgi yin gudun da ya wuce kima idan ya sunkuyo, tsawon wutsiya kuma yana sa ya bi layinsa ba tare da rawa ba. Da irin wannan jirgi ake koyon zagaye cikakke, da mirginawa a hankali, da tashi a rigingine, kuma waɗannan su ne tushen gasar duniya da ake kira F3A, inda faɗin fiffike ba ya wuce mita 2, kuma alƙalai tsabtar layi suke dubawa, ba tsoratar da 'yan kallo ba.

Wasu za su ce ƙaramin jirgi ya fi araha, kuma gaskiya ne, sai dai iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana wasa da jirgin da bai kai mita ɗaya ba kamar busasshen ganye, ga shi kuma hazo yana ɓatar da shi daga ido da wuri. Babba kuma, mai injin fetur, yana buƙatar mota da dogon fili mai santsi, kuma faɗuwarsa ɗaya tana iya cinye albashin watanni.

Akwai abubuwan da masu rubuta bayanin kaya a ƙasashen waje ba su san da su ba, domin ba a ƙasarmu suke tashi ba. Zariya tana sama da mita 600 daga doron teku, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi yakan doshi digiri 40, wanda ke sa iska ta yi sako-sako, jirgi ya buƙaci gudu mai yawa kafin ya ɗaga, ya kuma sauko da sauri fiye da yadda aka zata. Saboda haka idan jirage biyu girmansu ɗaya, a zaɓi wanda ya fi rashin nauyi. Ledar da ake rufe jikin balsa da ita tana yamutsewa idan aka bar jirgi a rana ko a cikin mota, sai an bi ta da dutsen guga mai ɗan ɗumi. Bushewar hunturu da raɓar damina suna iya murɗe fiffike, don haka a riƙa hango shi daga baya kafin kowane tashi. Gara kuwa tana cin balsa, kuma na taɓa ganin fiffiken da aka jingina a bango wata biyu ya zama leda zalla, don haka rataye shi ake yi. Filayenmu ma na tsakuwa ne da kunya-kunya, wanda ke nufin jirgin da tayoyinsa manya ne kuma aka ɗaure ƙafafunsa a katako mai ƙarfi ya fi wanda aka yi wa ado da murfin taya.

Game da inji, na fi ba da shawarar mai batir, domin man musamman da ƙananan injinan ke sha yana da wuyar samu a nan, ƙurar hunturu kuma tana cinye cikinsu. Sai dai batirin LiPo, wato irin wanda ake sa wa waɗannan jirage, yana buƙatar kulawa, kada ƙarfin wutar cajinsa ya wuce bolt 4.2 a kowane ɗaya daga cikin ƙananan batiran da aka haɗa a cikinsa, kada a bar shi a kan caji a tafi masallaci ko a kwanta barci, kuma wanda ya kumbura a daina amfani da shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Tsakanin jirgin da ya zo kusan a haɗe da wanda ke zuwa guntu-guntu a kwali, na fi son matashi ya ɗauki na biyun idan yana da haƙuri. Zai yi makonni yana haɗawa, amma ranar da jirgin ya faɗi ya san kowane haƙarƙari da ke cikinsa, ba zai zauna jiran kayan gyara daga Sin a wannan tsada ta dala da kuɗin kwastan ba. Ko wanne aka ɗauka, kada a tashe shi sai an ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gabansa, an ga ya tsaya daidai ko hancinsa ya ɗan sunkuya. Jirgin da nauyinsa ya rinjaya baya ba ya jin magana, komai ƙwarewar mai tuƙa shi.

Daga ƙarshe ina jan hankalin matasa cewa Zariya gari ne mai filin jirgi da barikokin soja, kuma Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa tana da dokoki a kan duk abin da ke tashi ba matuƙi a ciki, don haka a nemi izini, a nisanci waɗannan wurare, a kuma nisanci taron jama'a, domin farfela tana yanka kamar wuƙa. Ina kuma roƙon shugabannin makarantunmu na fasaha da na gaba da sakandare su duba yiwuwar ware fili ɗaya a gefen gari, ko da safiyar Asabar kawai, inda waɗanda suka iya za su tsaya kusa da masu koyo har su sauke jiragensu lafiya. Biyu daga cikin samarin da na ambata sun janye odarsu, yanzu haka muna haɗa fiffiken jirgin koyo a shagona bayan sallar la'asar, na ukun kuwa har yau ina lallashinsa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani kafinta daga Samaru, Zariya.